Rijiyar Inna da Kwalaben Masu Bincike

Mahaifinmu bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ya ƙare rayuwarsa yana awon hatsi a kasuwar Jibiya, yana cika wa wasu buhu, kuma abin da ya bari wanda za a iya nunawa da yatsa shi ne rijiya a tsakar gida. Ya sa an haƙa ta ne sa'ad da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya kuma ce ba tamu ba ce mu kaɗai, duk macen da ke layin ta shigo ta ja. Da ya rasu, Inna ta riƙe maganar nan fiye da yadda wasu ke riƙe takardar fili. A wurinta, duk gugan da ya fito daga rijiyar lada ne da ke tafiya kai tsaye zuwa ga mijinta. Idan safiya ta yi, tsakar gida ta cika da mata da jarkoki da surutu, sai ka ga ta zauna kan tabarma tana kallonsu da fuskar wadda ta aika saƙo ta kuma tabbata ya isa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na fara koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare take ce mini Malam, da wata murya da ke nuna ba ta ɗauki muƙamin da wani nauyi ba. Gidana yana can ɗaya gefen gari, nakan leƙo ta bayan la'asar. Tun ranar da na yi aure na bar gidan aka ƙara mini girma zuwa matsayin baƙo: ina zama za a kawo mini ruwan leda a cikin kwanon sha mai murfi. Inna ba ta rabuwa da ƙullin ruwan leda a ɗakinta saboda baƙi. Ita kanta ruwan zafi take sha da citta, shekara da shekaru, saboda ƙirjinta. Ruwan rijiya na mutanen layi ne, da girki, da wanki.

Cikin masu jan ruwan akwai aminiyarta, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Daga wajen Maraɗi aka kawo ta aure tana yarinya, mijinta direba ne, ya mutu ya bar ta da sana'ar fura. Tana da wurin zama a tashar da ke bakin iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan ɗinmu ko duwan, na ɓangaren Nijar, su ga dama. Kowace safiya sai ta biyo ta gidanmu ta cika jarkokinta, su kuma sake buɗe shari'ar da suka fara tun kafin a haife ni.

"Ke baƙuwa, ja da sauri, 'yan ƙasa na jira," in ji Inna.

"Wa ad baƙo? Katsinar ta gaskiya tana Maraɗi, ku an bar ku gadin kango ne."

"To ki koma can ki sha ruwansu mana."

"In tahi wa zai riƙa gaya miki kin tsufa?"

Shekarar da nake magana a kai, garin ya cika fiye da yadda aka gina shi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin Bugaje da Mazanya, kowa ya taho wurin ɗan'uwansa. Gidan da ke da ɗaki uku ya koma ɗauke da iyali uku. Injin burtsatsen unguwarmu kuma ya lalace tun farkon damina, aka kafa kwamitin gyara, kwamitin ya zauna, ya sake zama. Ruwan sama ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba.

A tasha abin ya fara. Wani direba ya kwanta ƙarƙashin motarsa da hantsi yana cewa cikinsa ne ya ɗan motsa, kafin azahar ya kasa ɗaga kai. Sai ɗan dako, sai yaran mota, sai masu canjin kuɗi. Amai da gudawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma wanda bai ga irin wannan da idonsa ba bai san abin da sunan ke ɗauke da shi ba. Mutum yakan tsiyaye ne kamar jarkar da ta huje. Abin da ke fita daga jikinsa fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, murya ta dushe, fatar hannu ta yamutse, saurayin da ya ɗauki buhun masara jiya ya koma kamar kakansa. Aka kafa tantuna a harabar asibiti, aka jera gadaje masu huda a tsakiya da bokiti a ƙarƙashi. Na je duba wani ɗalibina a can, na fito ban iya cin abinci ba ran nan.

Da yake cutar a bakin iyaka ta bayyana, ba a sha wahalar samo mai laifi ba. Mu muka ce daga Nijar aka shigo da ita. Direbobin da suka dawo daga Maraɗi suka ce can ana cewa daga Najeriya ta ƙetara. Ni da na shekara ina zana wa yara layin iyakar nan a allo da alli, na san babu ƙwayar cutar da ta taɓa tsayawa a shinge ta nuna takarda, amma ba a tambaye ni ba, kuma ko an tambaye ni iyakar abin da na sani ke nan.

Sai masu bincike suka iso daga Katsina. Samari ne masu ladabi, da riguna masu aljihu da yawa da akwatin sanyi cike da ƙananan kwalabe. Aikinsu shi ne su gano inda cutar ke fitowa, domin ma'aikatan tanti suna ƙara wa mutane ruwa ne kawai, ba su da lokacin tambayar inda aka kwaso ta. Samarin sun yi aikinsu yadda aka koya musu. Sun ɗebi ruwa a famfon tasha, sun ɗeba a gulbi, sun ɗeba a tankunan masu sayarwa. Suka ga bayan tasha, layinmu ne ya fi yawan masu kwanciya, sai suka bi shi gida gida.

A nan ne tarbiyyarmu ta shiga aikin. Namiji baligi ba ya wuce zaure a gidan da ba nasa ba, ko da kuwa da akwatin sanyi ya zo. Saboda haka a kowane gida sukan tsaya a zaure, maigida ya fito, a gaisa. Su tambaye shi ina ake samun ruwan sha, ya ce burtsatse. Ba ƙarya yake nufi ba. Magidancin Jibiya zai gaya maka farashin gero a Maraɗi na safiyar yau, amma bai san daga ina ruwan da ke cikin moɗarsa ya fito ba, ya dai san yana miƙa hannu ya same shi. Daga nan su miƙa kwalba a shiga da ita ciki, su ce a zubo musu ruwan gida.

Ban ga abin da ya faru a gidanmu ba, ina makaranta, kuma ban ji labarin kwalbar ba sai daga baya. Inna ta karɓe ta daga bayan labulen zaure. Ta leƙa randa, ta ga ruwan rijiya ya yi ja saboda damina. Baƙi ne a ƙofa, na gwamnati ma, sun taho tun daga Katsina. Ta shiga ɗaki, ta fasa ruwan leda, ta cika kwalbar har baki, ta goge ta da gefen mayafi ta miƙa. Ta kuma haɗa musu da wasu ledojin su sha a hanya. Abin da ta yi shi kusan duk matan layin suka yi. Wadda ba ta da na leda ta aika maƙwabta aka ara mata. Babu wadda ta shawarci wata. Ba a buƙatar taro kafin mace ta san irin ruwan da ake fitar wa baƙo.

Kwalaben suka tafi ɗakin gwaji, amsa ta dawo cewa ruwan gidajen layinmu ba shi da komai. Gaskiya ce kuwa, na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka ba ta shi ta duba.

Hankali ya koma kan iyaka gaba ɗaya. Aka ajiye bokitan wanke hannu a bakin shinge, aka sa mutum yana tsare masu ƙafa yana duban idonsu, su kuwa 'yan kabu-kabu suka ci gaba da bin hanyoyinsu na cikin gonaki kamar kullum. A layinmu labari ya bazu cewa gwamnati ta gwada ruwan gidan Inna ta ce lafiya lau. Inna ma haka ta ɗauke shi. A fahimtarta gidan aka yi wa jarrabawa, tsabtarsa da mutuncinsa, kuma ya ci. Ta gaya mini da bakinta cewa an duba gidan mahaifina ba a sami aibu ba, na taya ta murna. Matan da a da suke zuwa wasu wurare neman ruwa suka dawo rijiyarmu, har da na layin baya, tun da ita ce mai shaidar gwamnati. Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Gari na binne mutane, ita kuwa tana ganin mijinta ne ke shayar da unguwa ruwa mai lafiya a lokacin annoba.

Yaron gidan da ke bayan masallaci ya tafi, bai kai shekarun shiga makaranta ba. Wata mai jego cikin waɗanda suka taho daga Bugaje ta bi shi, ta bar jinjiri. Sai wata safiya Gwaggo ba ta zo jan ruwa ba. Da aka leƙa aka same ta a ƙofar ɗakinta, ta kasa komawa ciki. Aka ɗora ta a babur, mutum ɗaya na riƙe da ita ta baya. Inna ta bi su a ƙafa, da ƙirjin nan nata. Aka hana ta shiga tanti, ta tsaya a bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita. Ta ce ta hango Gwaggo ta ɗaga mata yatsu biyu, ba ta san ko sallama ba ce ko wani abu take son a kawo mata. Kafin la'asar Gwaggo ta cika. Ma'aikata ne suka yi mata wanka da safar hannu da ruwan magani, ba a bar Inna ta taɓa ta ba, alhali sun yi wa juna alkawarin duk wadda ta rigaya ɗayar ce za ta wanke ta.

Bayan wannan ne aka turo wata mata cikin masu binciken. Bazazzagiya ce, ba ta da tsayi, takalminta duk laka. Na tambaye ta daga baya ko likita ce, ta ce ba ta ba da magani, aikinta bin sawun cuta. Ita ba da ruwa ta fara ba, da mutane ta fara. Ta zauna da waɗanda suka tashi daga tanti tana tambayarsu abin da suka ci da abin da suka sha kafin su kwanta, sa'an nan ta nemi abokan aikinsu da ba su kamu ba ta yi musu tambayoyin nan dai, ta riƙa duba inda amsoshin suka rabu. Shinkafar tasha kowa ya ci, mai ciwo da mai lafiya. Shayi ma haka. Amma fura, yawancin waɗanda suka kwanta sun sha, kuma a wurin tsohuwa ɗaya. Ta buga wa wani takwaranta da ke Maraɗi waya. Ita da Turanci ta yi karatu, shi da Faransanci, don haka da Hausa suka yi maganar kimiyyarsu. Ya koma ya tambayi direbobin da ke kwance a wajensu, ya kira ta ya ce su ma sun sha furar tsohuwar nan kafin su ƙetara.

Ta nemi gidan mai fura ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce in tana son sanin wani abu game da marigayiyar, ta je wurin aminiyarta. Ina gidan ran nan, ina zaune kusa da Inna, wadda tun rasuwar ba ta cika magana ba. Muka ji sallamar mace, kafin a gama amsawa ta riga ta ratsa zaure ta shigo tsakar gida, abin da duk samarin nan da kwalabensu ba su samu yi ba.

Ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwar rashi. Inna ta tashi ta kawo mata ruwan leda a kwanon sha. Matar ta karɓa ta yi godiya, amma idonta na kan wasu 'yan mata biyu da ke jan ruwa a bakin rijiya.

"Inna, marigayiya a ina take ɗiban ruwan da take dama fura?"

"Nan mana. Ina za ta tahi? Tun mai gidan nan na da rai."

"Mutanen layin nan fa?"

"Duk nan. Ai an gwada shi, ɗiyata. Yaranku sun zo da kwalba, an ce lafiya lau."

"Daga rijiyar aka zuba musu, ko daga randa?"

Inna ta dube ta kamar an tambaye ta ko takan fita ba mayafi.

"Haba ɗiyata. Ruwan damina, duk ya yi ja, shi zan ba baƙo? Mi za su ce in sun koma Katsina? Irin wanda ke hannunki na zuba masu."

Matar ta dubi kwanon da ke hannunta. Na sha ganin malami ya gano inda lissafin yaro ya karkace tun daga layin farko, to irin fuskar ke nan, sai dai babu ko ɗigon jin daɗi a tata. Ta ajiye kwanon a hankali, ta roƙi 'yan matan su zubar da abin da suka ja. Ta sa safar hannu ta jefa guga da kanta, ta cika kwalabenta. Sa'an nan ta tambaye ni abin da ke bayan katangar da rijiyar ke jingine da ita. Na ce gidan maƙwabcinmu ne. Muka zagaya tare. Mutumin kirki ne, ya karɓi iyalan 'yan'uwansa da aka kora daga ƙauye, masai ɗaya ya kasa musu, sai ya haƙa sabo a lungun da ya rage masa. Lungun shi ne bayan katangarmu. Tsakanin ramin da rijiyar bai fi tsawon tabarma ba, ƙasar wurin kuma yashi ce, ruwan sama ya jiƙa ta har ƙasa.

Da muka dawo ta ce wa Inna a daina jan ruwan har amsa ta fito.

"An riga an gwada," in ji Inna.

"Ruwan leda aka gwada, Inna. Wannan ba a taɓa gwada shi ba sai yau."

"Ni ga ni zaune lafiya. Ga Malam nan, kullum yana gidan ga."

"Ke mene ne kike sha?"

Inna ta dubi butar shayinta da ke kan murhu, ta dubi kwanon da take ba ni ruwa. Ba ta ƙara gardama ba. Ta tashi ta kwance igiyar guga da hannunta, ta naɗe ta, ta shiga da ita ɗaki. Washegari mata suka zo da jarkoki, ni na tsaya a zaure ina mayar da su, domin ta ce ba za ta iya ba.

Amsar ba ta zo da mamaki ba. Matar ba ta aiko ba, da kanta ta zo, ta zauna a bakin tabarmar Inna ta gaya mata cewa ƙwayar cutar tana cikin rijiyar.

"Tun yaushe?"

"Ba zan iya sanin ranar ba. Wataƙila tun da ruwa ya yi ƙarfi."

"Yaron bayan masallaci, ita ce?"

"Inna, aikina ba ya nuna mini mutum ɗaya ɗaya. Yana nuna mini inda cutar ta fi fitowa ne. Wasu a wani wuri suka kwasa."

"Mai jegon nan fa? Ita da kanta ta zo ta ja, ran da ta yi wankan farko."

Inna ba ta jira amsa ba, ta ci gaba da kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, daga bakin layi har ƙarshensa, da na layin baya da suka fara zuwa bayan an ce ruwan na da shaida. Ta fi taswirar masu binciken sanin su, domin ta san wadda ke zuwa da jarka da wadda ke zuwa da tulu. Gwaggo kaɗai ba ta ambata ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da rahoto zai kira nasara, kuma nasarar ce. Aka kawo tankar ruwa layinmu, aka raba ƙwayoyin da ake jefawa a randa, aka gyara injin burtsatsen da kwamiti ya gaji da zama a kansa. Aka sake bin unguwanni, wannan karon kowace tawaga da mace a cikinta, suna shiga har bakin randa suna ɗiba da hannunsu, suka kuwa samo wasu rijiyoyin cikin gida da babu wanda ya san da su a hukumance. Masu shigowa tanti suka ragu, har aka fara naɗe tantunan. Na tabbata akwai mutane da yawa da ke yawo a Jibiya da Maraɗi yau waɗanda tambayoyin matar nan ne suka bar su a raye, ba su kuma san da ita ba.

Inna ba wannan lissafin take yi ba. Ta sa na kira mata limamin unguwa. Ya zauna a zaure, ita tana daga ciki, ni ina tsakani.

"Allah gafarta malam, tambaya gare ni. An ce duk wanda ya sha ruwan ga, ladan na isa ga mai gidan nan."

"Haka ne, Hajiya, in Allah ya yarda."

"To wanda ya sha ya mutu fa? Shi ina nashi ke zuwa?"

Liman ya yi bayani mai kyau, ban ga abin da za a ƙara a kai ba. Ya ce marigayi alheri ya nufa, kuma a kan abin da ya nufa za a duba shi. Ya ce ita ma ba ta san komai ba, girmama baƙo ta yi, ba a kama bawa da abin da bai sani ba. Ya ce waɗanda ciwon ciki ya kashe suna da babban matsayi a wurin Ubangiji, kwanansu ne ya ƙare. Inna ta ce ta ji, ta gode, Allah ya saka da alheri. Da ya tafi ta ce mini, "Ya amsa yadda aka koya mashi."

Kafin matar ta koma Katsina ta sake biyowa, ta zo da labarin da take ganin zai faranta ran tsohuwa. Ta ce rijiyar ba ta mutu ba. Maƙwabci ya yarda ya cike ramin nan ya haƙa wani nesa. Za a kwashe ruwan, a zuba magani, a ɗaure ta da siminti tun daga ƙasa, a ɗaga bakinta a yi mata murfi. Bayan haka a gwada, a sake gwadawa, in ta fita sai a ci gaba da sha. Ta ce an yi wa rijiyoyi da yawa haka sun kuma yi lafiya. Na goyi bayanta da duk abin da na sani game da yashi da laka da yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Na ce unguwa na buƙatar ruwan, injin nan zai sake lalacewa, kowa ya sani. Na ce Baba ma da yana nan gyara zai ce a yi.

Inna ta bari na gama, kamar yadda take bari in gama tun ina yaro.

"Malam, ka ƙare darasin?"

"Na ƙare, Inna."

"Uwar yaron nan na bayan masallaci, in an gyara, nan za ta zo ta jefa guga? Ina zaune ina kallonta? In ce mata mi, sannu da aiki?"

Matar ta ce a hankali, "Inna, ruwan zai zama mai kyau. Zan iya nuna miki a gwaji."

"Na yarda da gwajinki, ɗiyata. Shi ya gaya mani abin da ban so ji ba, don haka na san ba ya ƙarya. Amma a cike ta."

Tifa ta kawo jar ƙasa ta juye a ƙofar gida, domin zaurenmu ko baro ba ya iya juyawa a cikinsa. Leburori suka riƙa shiga da ita a kwano a ka. Rijiya tana cin ƙasa fiye da yadda mutum zai zata, tifa ta je ta dawo, ta sake dawowa. Da farko in an juye sai ka ji ƙarar ruwa daga can ƙasa, daga baya ƙarar ta koma ta laka, daga baya babu komai. Inna ta zauna a kan tabarmarta tun kwanon farko har na ƙarshe, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba sai don salla. Matan layin ba su shigo ba. Ba fushi suke da ita ba, kusan kowace ta fasa leda a kwalbar da aka miƙa mata, amma babu abin da zai kawo su yanzu, kuma babu wadda ta san abin da za ta ce.

Injin burtsatse ya sake lalacewa a daminar da ta biyo, mata suka koma tafiya har bayan kasuwa. Tsakar gidanmu ta zama shiru da safe, irin shirun da ban san ta da shi ba. Ƙasar da aka cike rami da ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya, duk damina sai ta ɗan lotsa, wurin ya yi kwari kamar faranti, ruwan sama ya kwanta a ciki. Inna ba ta bari ya kwana. Takan aiko a gaya mini tun ina aji, in na zo in same ta tsaye a kansa da tsintsiya tana kore ruwan.

"Malam, ta sake lotsawa," takan ce. "A kawo ƙasa."